Wushiryar da Ke Ƙara Buɗewa

Ku da kuka cika min akwatin saƙo kuna tambayar ko an fasa auren, ku nemi wuri ku zauna. Ba a fasa ba. An dai kusa, kuma ba wata mace ce ta shiga tsakani ba. Haƙorana ne.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Vicky Ishaya, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta a Narayi, kuma har yanzu a gidan iyayena nake. Wanda zai aure ni sunansa Shekari, yana aiki a wani kamfanin lemo a Kakuri, gidansu na Trikania. An tsayar da magana cewa a watan Kirsimeti danginsa za su zo gaisuwa gidanmu. Ni kuma ina da wushirya.

Ba ƙarama ba. Tun ina 'yar firamare matan layinmu ke tsayar da ni a hanya su ce in yi dariya su gani. In 'yan Zumuntar Mata suka zo addu'a gidanmu, sai an kira ni in kawo ruwa, don kawai wata ta ce wa mahaifiyata, "Debora, wannan 'yar taki ba za ta daɗe a gida ba." Shekarata ashirin da takwas ina nan a gidan, amma ba wadda ta taɓa dawowa ta janye maganarta.

Wajen shekara biyu da suka wuce wushiryar ta fara ƙara buɗewa. Mama ce ta fara lura, muna tsintar wake a baranda. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, ta ce, "Yesu na gode. Ƙofar arziki ce ke buɗewa."

Ni kuwa na san abin da ke bayan ƙofar. Kullum na goge baki sai kumfar ta fito da ja. Haƙorana na ƙasa sun cunkushe, wani ya hau wani kamar fasinjojin keke ranar kasuwa, buroshi ba ya shiga tsakaninsu. In na rufe baki, su na ƙasan su je su soki naman da ke bayan na sama. Nama kuwa na daɗe da daina gatsa, sai in yage shi da yatsa in tura gefe. Jakata ba ta rabuwa da kanumfari saboda ban yarda da numfashina ba. Mama ta ce gishiri da ruwan ɗumi. Na yi. Ta ce gawayi. Na yi. Ta yanko min asuwakin darbejiya, na tauna har harshena ya manta da zaƙi. Jinin bai ji kira ba.

Ranar da na ji ɗaya daga haƙoran gaba ya ɗan motsa ƙarƙashin harshena, na nemi izini a makaranta na tafi wajen likitan haƙori. Dakta Lawal sunansa, wani dogo mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi jariri. Ya duba, ya ɗauki hoto, ya juyo min da allon kwamfutar.

"Malama Vicky, wushirya ba ciwo ba ce. Mutane da yawa suna da ita har su tsufa lafiya. Amma wadda ke tafiya, wannan ita ce magana."

"Tafiya ina, Dakta?"

"Gaba. Dasashinki ya kumbura, ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya fara ja da baya. Na ƙasa kuma suna turo na sama duk lokacin da kika rufe baki. Shuka ce a ƙasa mai laushi, ana ta jingina mata. Da farko za mu wanke, mu kashe kumburin. In dasashin ya kwanta, sai a sa miki ƙarfe a jera haƙoran. In sun jeru, buroshi zai isa ko'ina, datti ya daina samun maɓoya, nauyin tauna ya rabu a kan duka, na ƙasa su daina ji miki ciwo."

"Wushiryar fa?"

"Za ta matse. Ko ta rufe gaba ɗaya."

"In na bari sai baɗi?"

Ya cire tabarau ya goge. "Ƙashin da ya tafi ba ya cika dawowa. Ba zan ce miki gobe za su zube ba. Amma in ƙanwata ce, ba zan bar ta ta jira ba."

Na shiga keke ina lissafin yadda zan faɗa wa Mama. Duk hanyar da na ɗauko, a tsawa take ƙarewa, kuma ban yi kuskure ba.

"Ƙarfe?" Ta ajiye muciya. "A bakin amarya? Vicky, kanki ɗaya kuwa? Allah ya ba ki ado kyauta, ki kai wa likita ya toshe?"

"Mama, jini nake tofarwa."

"Wa ba ya tofar da jini? Ni da na haife ku biyar? Surukai za su zo gaisuwa su tarar da yarinya baki kamar shingen kaji, me zan ce musu? Ki bari sai bayan biki."

A raina na ce na san wannan bayan bikin. Bayan biki a ce bayan haihuwa, bayan haihuwa a ce bayan yaye. A gidanmu lafiyar mace kullum tana bayan wani abu ne.

Da yamma na rubuta wa Shekari duka, har da hoton da likita ya ɗauka. Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa.

"Sannu, abar ƙauna. Me ya sa ba ki faɗa min tuntuni ba?"

"Ga shi na faɗa. Me ka ce?"

"Ni ko bakinki duka ƙarfe ne ina so. Amma kin san Mama."

"Ban san ta ba, sau ɗaya muka gaisa a coci."

"Ita ma wushirya gare ta, ai kin gani. Marigayi Baba har waƙa yake mata a kai. Ranar da na nuna mata hotonki, abin da ta fara kallo ke nan, ta daɗe tana kallo. Abeg, mu wuce gaisuwa tukuna."

"Wato kai ma bayan biki."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce."

Na kife wayar. Ku yi min adalci, masu karatu: namijin da ya ce yana son ki ko bakinki ƙarfe ne, sannan ya ɓuya a bayan zanin uwarsa, wane irin so ne wannan? Duk da haka na je aka yi min wankin, dasashin ya fara sauƙi, Dakta Lawal ya ce in zaɓi ranar sa ƙarfe. Na ce zan kira shi. Ban kira ba. Ina tsoron rasa haƙora, ina tsoron rasa Shekari, kuma a lokacin gani nake dole ɗaya ya tafi.

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Mama Shekari, ta aiko in je in ci abinci ranar Lahadi bayan sujada.

Mamata ta fi ni rawar jiki. Ita ta zaɓa min atamfa mai ruwan ganye da zanen ganyen rogo, ta ce shuɗiyar tana sa ni duhu. Ta ɗaura min ɗankwali, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta ba ni kwalbar man gyaɗa da ƙullin daddawa in kai. A bakin ƙofa ta ja kunnena: "Ki gaishe ta a durƙushe. Duk abin da ta miƙo ki karɓa ki ci. Kuma ki yi ta dariya, kin ji? Ki bar ta ta gani."

An yi ruwa da safe, layin su Shekari duk taɓo, sai da na riƙe takalmina mai tsini a hannu na sa silifas ɗin da ya kawo min bakin titi. Gidan ƙarami ne, tsaf, da bishiyar gwaiba a tsakar gida da tukwanen fulawa a gwangwanin fenti. A falo akwai kujeru masu lulluɓin saƙa, kalandar coci, da babban hoton marigayi babansa cikin kwat.

Mama Shekari tsohuwar shugabar makaranta ce, gajeriya, mai furfura a gaban goshi da ido irin na wanda ya shekara talatin yana kama masu satar amsa. Na durƙusa.

"Sannu da gida, Mama."

"Tashi, tashi, gwiwar nan za ki buƙace ta gaba. Ya iyayenki?"

Ta yi murmushi, na ga wushiryar. Daidai take, ba faɗi ba ƙunci, haƙoran farare tas. Na ce a raina, shi ke nan, ni da ƙarfe sai a lahira.

Faten tsaki ta yi, da yakuwa da gyaɗa da naman akuya. Na sha faten, naman kuma na yi masa dabarata ta kullum: in yaga ƙanana a ɓoye, in tura can ciki. Shekari yana ta zuba surutu a kan aikinsu, ita kuwa tana kallona jefi-jefi.

Bayan mun gama ta fita baranda ta hura gawayi a kurfoti, ta jera sabuwar masara. Lokacinta ne, ƙamshin ya cika gidan. Ta zaɓi wadda ta fi gasuwa, mai tauri, ta miƙo min da hannunta.

Kun san dai ba a mayar da hannun uwar miji. Na karɓa, na fara ɓantarar ƙwayoyin da babban yatsa ina jefawa a baki.

"Ke kaza ce?" in ji ta. "Masara gatsa ake yi. Gatsa mu gani."

Shekari ya yi dariya, bai san komai ba. Na rufe ido na gatsa.

Zafin ya tafi har cikin hancina. Da na janye masarar, ga jini a layi biyu a kan ƙwayoyin, ja wur, ba wurin ɓoyewa. Na yi sauri na juya ta, amma ta riga ta gani.

"Shekari," ta ce, ba ta ko dube shi ba, "gas ɗina ya kusa ƙarewa. Ɗauki tukunyar ka je ka cika."

"Yau Lahadi, Mama."

"Na san ranar. Ka nema har ka samu."

Yana fita ta miƙe. "Biyo ni."

Na bi ta. A raina na gama jin abin da za a ce: yarinya mai ciwo, ba a san me take ɗauke da shi ba, a dakata tukuna. Ta shigar da ni ɗakinta, ta tura ƙofa, ta zaunar da ni a bakin gado kusa da taga.

"Buɗe."

Na buɗe. Ta wanke hannu a wani ɗan kwano, ta sa yatsa ta taɓa haƙorin gaban, ta ɗan girgiza shi.

"Tun yaushe take ƙara faɗi?"

"Wajen shekara biyu, Mama."

"Uwarki ta ce arziki ne."

Na ɗaga kai. "Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa min. Kin je asibiti?"

Sai kawai na fashe da kuka, na zayyana mata komai: Dakta Lawal, ƙarfen, shingen kaji, bayan biki. Ta bar ni na gama. Sannan ta juya ta duba ƙofa, ta sa yatsu biyu a baki, na ji wani ɗan ƙas.

Ta ajiye haƙoranta na gaba guda huɗu a tafin hannunta. Da wushiryar da komai.

Masu karatu, na manta da kukan da nake yi. Bakina a buɗe, nata a buɗe, sai dai nata ba kowa a gaba. Fuskarta ta koma ta wata tsohuwa da ban sani ba.

"Kalli da kyau," ta ce, maganar tana fita da iska. "Roba ce. Tawa ta gaske ta fi taki kyau, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallona a ranar kasuwa. Ta fara buɗewa, kowa ya ce albarka. Ina tofar da jini, aka ce ciki ne, in na haihu zai wuce. Shekari yana rarrafe na farko ya faɗo a cikin tuwo. Kafin ya shiga makaranta sauran sun bi shi."

Ta mayar da su, ƙas, ta koma shugabar makaranta.

"Amma, Mama... wushiryar?"

"Aikin surukinki ne, Allah ya ji ƙansa. Ya raka ni wajen mai yin haƙoran, ya tsaya a kansa ya ce lallai a bar masa tsagarsa, ita ya aura. Mutumin ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wanda ya sayi sabuwar ƙofa ya ce a bar masa kafa ba." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na kasa daurewa. "Haka na shekara talatin ana yaba min abin da aka ƙera a Jos. Masarar nan da nake gasawa, kin ga na ci? Ƙamshin kawai nake ci."

"To me ya sa kika ce in gatsa?"

"Tun a hoto na yi zargi. Yau na ga yadda kike fama da naman akuya kamar mai ɓoye kuɗin sata. Na so in tabbatar. Ki yafe min zafin." Ta kama hannuna. "A zamaninmu ba mu san ana jera haƙori a cece shi ba. Ke kin samu mai gaya miki gaskiya, kina jiran biki? Bikin yini ɗaya ne, 'yata. Bakin nan da shi za ki ci abinci har ki kai shekaruna. Gobe ki kira likitan."

"Mamata fa?"

"Bar min Debora. Amma ki ji nan." Ta ɗaga yatsa. "Abin da kika gani a ɗakin nan, Shekari bai sani ba. 'Yan'uwansa ba su sani ba. Fasto bai sani ba. Daga bakinki kuma ba za su ji ba."

"Na yi alkawari, Mama."

(Kada ku ce na karya alkawari, sai da ta yarda daga baya na rubuta muku wannan.) Na fito daga ɗakin nan kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Shekari ya dawo da tukunyar gas a kafaɗa, wandonsa duk taɓo, ya tarar da mu muna ɓantarar masara da yatsa mu biyu muna hira. Ya dube ni, ya dube ta, bai gane komai ba.

Ranar da aka sa min ƙarfen, ban faɗa wa Mama inda za ni ba. Aikin bai yi zafi ba, sai dai gajiyar buɗe baki. Dakta Lawal ya ba ni wani ɗan siririn buroshi na shiga tsakanin ƙarfen, ya ce in haƙura da abu mai tauri, kuma tafiyar za ta kai wajen shekara biyu. Na dubi madubi. Gaskiya ba kyau. Amma a karo na farko na kalli bakina ban ji tsoro ba.

Na iso gida da la'asar, leɓena a rufe gam, sai na ga baƙin takalmi a ƙofar falo. Na leƙa. Mama Shekari ce zaune a kujerar Baba, da kayan Zumunta a jikinta, Mama kuma a tsaye da tire tana ta kai da kawo. A al'adarmu uwar miji ba ta taka gidan yarinya kafin a zo gaisuwa, don haka Mama duk ta rikice, ta fito da kofunan da ba a taɓawa sai Kirsimeti.

"Ga ta nan," in ji Mama Shekari. "Zo ki nuna mana."

Na durƙusa na gaishe su, sannan na buɗe baki.

Tiren ya karkata a hannun Mama. "Wayyo ni Debora! Vicky, kin kashe ni! Mama Shekari, ki yi haƙuri, wallahi ban san ta je ba, yaran yanzu..."

"Ni na aike ta."

Mama ta tsaya cak.

"Ni na ce ta je. Maman Vicky, ba kin ce tsoronki abin da surukai za su ce ba? To ga surukai a zaune. Mun ce da ƙarfenta muke son ta."

"Amma hoton biki..."

"Wa ke tauna da hoto?"

Mama ta ajiye tiren. Ta zo ta kama haɓata, ta daɗe tana leƙen ƙarfen, sannan ta ce a hankali, "Yana miki zafi?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Bari in dama miki kunu," ta shige kicin tana gunaguni a kan likitocin zamani, amma na ji ta tana neman gyaɗar da ta fi laushi.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. Shekari: "Ina ƙofar gida. Na zo da tsire, mu yi murna."

Tsire! Ga wadda ko burodi ba ta iya taunawa yau. Na fita na same shi jingine da katanga da ƙunshin takarda mai maiƙo. Na yi masa dariya da duka bakin, ban sa hannu na kare ba. Ya kalla, ya haɗiye yawu, ya ce, "Kin yi kama da sabuwar mota."

"Ka makara da daɗin baki. Ba ni tsiren in kai wa su Mama."

Ya riƙe ƙunshin bai saki ba. Fuskarsa ta canza.

"Vicky, tsaya. Mahaifiyata da na sani ba ta taɓa sauya magana don kowa ba, kuma yau ta keta al'ada ta zo gidanku da ƙafarta. Tun ranar Lahadin nan nake tambayarta, sai ta ce in je in tambayi matata." Ya matso. "Mun yi alkawari ba ɓoye-ɓoye tsakaninmu. Me ya faru tsakaninku ranar da ta aike ni cika gas?"

Na waiga. Labulen falo ya ɗan ɗage, Mama Shekari tana tsaye a bayansa da kofin shayi, tana kallona ta saman tabarau.